Fagagen Bincike a Kimiyyar Zuƙaƙƙen Sarari da Batun Samar Musu da Kalmomi a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi waiwaye a kan fagage huɗu da ake gudanar da bincike a cikinsu a yau game da wurin da aka janye wa iska. Ta kuma kawo shawarar sunan da ya dace da wannan ilimi a Hausa.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin aikin janye iska. Idan wanzami ya kafa ƙaho, ya zuƙe iskar ciki, ya toshe hudar, matsin cikin ƙahon kan ragu, sai fata ta taso, jini ya fito. Wannan ƙa'ida ce ke aiki a fulas ɗin shayi, wanda James Dewar ya ƙirƙiro a 1892, da bututun na'urar hoton ƙashi ta asibitoci irin su Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nasarawa GRA, Kano. Sai dai rashin tsayayyen suna kan sa malamin kimiyya ya koma Ingilishi da zarar ya iso wannan darasi.

2.0 Ma'ana da Suna

A 1643 Evangelista Torricelli ya nuna cewa iska tana da nauyi. A gaɓar teku matsinta ya kai faskal 101,325. Duk rufaffen wurin da matsinsa ya gaza na iskar waje ya shiga wannan babi, kuma hawa-hawa ne, domin babu famfon da ke kwashe iska ƙarƙaf. Saboda haka "rashin iska" ya wuce gona da iri, "fanko" kuwa mazubi yake nufi. Nazarin nan ya zaɓi "zuƙaƙƙen sarari", domin ya fito daga aikatau "zuƙa", kuma yana karɓar mataki: mai sauƙin zuƙa, mai tsananin zuƙa, mai matuƙar zuƙa.

3.0 Fagagen Bincike

3.1 Awo: Da can da zaiba ake auna matsi. Yanzu cibiyar NIST ta Amurka tana binciken auna shi da hasken leza, da kuma ƙwayoyin zarra da aka sanyaya matuƙa.

3.2 Manyan na'urori: Zoben CERN da ke iyakar Faransa da Suwizalan yana da tsawon kilomita 27. Matsalarsa ita ce iskar da bangon ƙarfe ke fitarwa a hankali. An shafe wasu sassan bututunsa da haɗin ƙarafa uku mai kama ƙwayoyin iska, ta yadda bangon da kansa ya zama famfo.

3.3 Siraran shimfiɗu: A zuƙaƙƙen sarari ake shimfiɗa sinadarai a kan gilashi ko silikon don ƙera faifan sola da ƙwaƙwalwar waya. Injinan kamfanin ASML na Holan suna zana da'irori da haske mai zangon nanomita 13.5, wanda iska ke shanyewa in ba a janye ta ba. Wannan fage ya shafi aikin Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato kai tsaye.

3.4 Adana abinci da magani: Idan matsi ya ragu, ruwa kan tafasa ba tare da zafi mai yawa ba. Idan ya ragu ƙwarai, ƙanƙara kan zama tururi ba tare da ta narke ba. Da wannan dabara ake busar da wasu alluran rigakafi. Ana binciken rage tsadarta, abin da zai amfani manoman tumatir na Kadawa da Kura, waɗanda amfaninsu kan ruɓe a lokacin kaka.

4.0 Kammalawa

An ga cewa kowane fage yana buƙatar nasa matakin zuƙa, don haka sunan da bai nuna mataki ba zai ɓatar da ɗalibi. Ana ba da shawarar masana harshe da masana kimiyyar lissafi da ƙere-ƙere na Jami'ar Bayero su zauna tare, su gwada wannan suna a azuzuwan sakandare, kafin a shigar da shi ƙamus.