Dabarun Halittun Ruwa, Daga Fadama Zuwa Teku

Birnin Dutse yana nesa da teku. Wanda ya tashi daga can ya miƙe kudu sosai, sai ya yi tafiyar da ta fi kilomita 700 kafin ya ga ruwan gishiri. Kogunan ƙasar Jigawa ma ba su zuwa teku. Kogin Haɗejiya, wanda ya biyo ta Wudil da Ringim, gabas ya nufa, ya gamu da na Jama'are, suka zama Kogin Yobe, suka zuba a Tafkin Cadi. Saboda haka yara da yawa na Dutse da Kiyawa da Jahun ba su taɓa ganin teku ba sai a hoto. Duk da haka, wanda ya lura da kifayen fadamun ƙasarsu ba zai sha wuya ba wajen gane halittun teku, gama bukatarsu ɗaya ce. Kowace tana neman abin da za ta ci, tana kuma gudun mai cinta.

Gaiwa da Minjirya da Talibambam

A cikin kifayen ƙasar nan ba wanda ya kai gaiwa ban mamaki. Tana da huhu, kuma da shi ta ke shaƙar iska, saboda haka ta kan taso saman ruwa lokaci lokaci ta yi numfashi. Idan rani ya shiga, tafki ya fara janyewa, sauran kifaye su kan mutu, ko tsuntsaye su cinye su. Ita kuwa sai ta haƙa rami cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta fid da yauƙi mai yawa. Yauƙin nan ya kan bushe ya zame mata kamar jaka, sai 'yar kafa kaɗai ta ke bari wajen bakinta domin iska. A nan za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, naman jikinta ne ke riƙe da ita. Shi ya sa Hausawa su kan ce gaiwa jikinta ta ke ci. Ran da ruwan damina ya jiƙa taɓon nan, sai ta farka ta fito, ta rame amma da ranta.

Minjirya kuwa lantarki ne makaminta. A ƙarƙashin fatarta akwai wani nama da ya lulluɓe kusan dukan jikinta, shi ke yin wutar. Babbar minjirya ta kan fid da ƙarfin da ya kai bolt 350, watau ya fi na wayar da ke kawo wuta cikin gida, ko da ya ke nata na ƙiftawar ido ne. Da dare ta ke farauta. In ta kusanci ƙananan kifaye sai ta sake musu wuta, su sandare, ta haɗiye su a hankali. Mutanen Masar na dā sun san ta, har sun zana siffarta a bangon kaburbura fiye da shekara 4,000 da suka wuce.

Talibambam ba shi da gudu, ba shi kuma da lantarki. In ya ga abokin gaba sai ya yi ta haɗiyar ruwa har ya kumbura ya zama kamar ƙwallo, ya fi ƙarfin bakin mai son haɗiye shi. Duk dabarun nan uku akwai irinsu a teku, da waɗansu kuma da suka fi su.

Yadda Cikin Teku Ya Ke

Teku ya rufe kusan kashi 7 cikin 10 na fuskar duniya. Hasken rana ya kan yi rauni ƙwarai da an nutsa mita 200, in kuwa an wuce mita 1,000 ba sauran haske ko kaɗan, dare da rana duk ɗaya ne. Ruwan wurin yana da sanyi ainun, ga kuma nauyin ruwan da ke bisa yana danna kome. Wurin da ya fi zurfi shi ne Ramin Mariyana a cikin Tekun Fasifik, zurfinsa kusan mita 11,000. A shekarar 1960 mutum biyu, Jacques Piccard da Don Walsh, suka fara sauka ƙasansa cikin wani jirgi mai kaurin ƙarfe. A cikin duhun nan tsiro ba ya fitowa, abinci yana da wuya, saboda haka mai son rayuwa a can sai da dabara.

Kifi Mai Fatsa

Masunci a madatsar ruwa ta Warwade, kusa da Dutse, ya kan sa tana a ƙugiya ya jefa, ya zauna yana jira. A ƙarƙashin teku akwai kifin da haka ya ke yi. Ta macen tana da wani siririn tsinke da ya fito daga goshinta ya lanƙwaso gaban bakinta, a ƙarshensa kuma akwai ɗan ƙullutu mai haske kamar na maƙesu. Waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani su ke zaune cikin ƙullutun, su ke ba da hasken. Ita sai ta tsaya cik a cikin duhu tana kaɗa fitilarta. Ɗan kifi ya hango, ya zaci abinci ne, ya matso. Kafin ya farga ta wage baki ta zuƙe shi. Haƙoranta dogaye ne, sun karkata ciki, abin da ya shiga ba ya fita. Cikinta kuma yana miƙewa, har ta kan haɗiye kifin da ya kai ta girma, domin ba ta san ran da za ta sāke samu ba.

Namijin ɗan ƙanƙane ne ƙwarai in an gwada shi da ita. Tun da ya ke haɗuwa tana da wuya a cikin duhu mai faɗi haka, a waɗansu irinsu in namiji ya sami mace sai ya cije jikinta ya manne. Sannu a hankali fatarsu ta haɗe, jininta ya riƙa ciyad da shi, ba su sāke rabuwa har mutuwa.

Mai Hannu Takwas

Akwai wata halitta mai taushin jiki da Turawa ke kira oktofus, ma'anar sunan kuwa mai ƙafa takwas. Ba ta da ƙashi ko ɗaya, saboda haka ta kan kutsa cikin 'yar kafar dutse da ba wanda zai yi zaton za ta shiga. Zuciyarta uku, jininta shuɗi ne. A jikin kowane hannu akwai jerin abubuwa masu zuƙo kamar ƙahon wanzami, da su ta ke damƙe ƙaguwa, sa'an nan ta fasa ɓawonta da wani baki mai kama da na aku. Tana sauya launi kamar hawainiya, amma ta fi hawainiya sauri nesa. In an matsa mata sai ta fesa wani baƙin ruwa kamar tawada, ruwa ya gurɓace, ta sulale. Waɗansunsu ma su kan yar da hannu guda, kamar yadda ƙadangare ke yar da wutsiya, daga baya wani ya tsiro.

Uwar tana da juriya irin ta gaiwa. In ta yi ƙwai ba ta barinsu, ba ta kuma fita neman abinci, har su ƙyanƙyashe, sa'an nan ta mutu. Daga 2007 zuwa 2011 masu bincike a gaɓar Kalifoniya ta Amurka sun yi ta komawa wurin wata da ke zurfin kusan mita 1,400, suka tarar ta yi wata 53 tana tsaron ƙwanta a wuri guda.

Yauƙi da Lantarki da Dafi

Akwai wani dogon kifi mai kama da maciji, ba shi da muƙamuƙi, mushe ya fi ci a ƙasan teku. Shi ma yauƙi ne garkuwarsa. In babban kifi ya cafke shi, sai ya saki wani abu wanda da ya gamu da ruwa ya kan zama yauƙi mai yawa nan da nan, ya toshe wa mai kamun wurin numfashi, tilas ya tofar da shi. Sa'an nan ya ƙulla jikinsa kamar igiya, ya zame ƙullin daga kai zuwa wutsiya, ya goge kansa.

Takwarar minjirya a teku fai-fai ta ke kamar faifai. Ta kan ɓuya cikin yashi, in kifi ya gifta ta lulluɓe shi ta sake masa wuta. 'Yan'uwan talibambam na teku kuwa, bayan kumburi, da yawansu suna da dafi mai kisa a hanta da ƙwai. Mutanen Japan suna cinsu, amma ba a yarda kowa ya gyara su domin sayarwa ba sai wanda ya koya ya sami takardar izini.

Kifin Ambar

Wannan dabba ce mai shayad da 'ya'yanta nono, ko da ya ke ana ce mata kifi. Namijin ya kan kai tsawon mita 16. Da iska ya ke numfashi, amma ya kan nutse fiye da mita 1,000, ya yi sa'a guda bai taso ba. A cikin duhu ya kan yi wata ƙara, ya saurari amsa-kuwwarta, da haka ya ke gane inda abinci ya ke, kamar yadda jemage ke yi. Cikin abin da ya ke farauta har da wani ƙaton ɗan'uwan oktofus mai hannu goma, wanda tsawonsa kan kai mita 12, idonsa kuwa kamar faranti. Sai a 2004 masana na Japan suka fara ɗaukar hotonsa da rai a cikin zurfin teku. A cikin hanjin kifin ambar ne kuma a ke samun ambar da masu haɗa turare ke saye da tsada.

Inda Dabara Ba Ta Isa Ba

Duk dabarun nan sun dogara ga ruwan da halittun ke zaune ciki. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun Kogin Haɗejiya kowace shekara ta sauya, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Gaiwa tana iya jiran damina, amma in ruwa ya daina zuwa fadamarta sam, a ramin za ta ƙare. Haka kuma mai zuba guba a tafki, ko mai jefa taru mai ƙananan ido, yana kashe manya da 'ya'ya gaba ɗaya, baɗi ba abin da zai kama. A teku ma ledar da mutane ke zubarwa ta kai har Ramin Mariyana. Yaron da ya san wannan ya kamata ya kiyaye tafkin garinsu, ya kuma mai da ƙaramin kifi ruwa in ya kama shi.

Tambayoyi

1. Ina ruwan Kogin Haɗejiya ya ke zuba?
2. Yaya gaiwa ke yi da rani?
3. Da me kifi mai fatsa ke yaudarar abincinsa?
4. Faɗi hanya biyu da oktofus ke tsira daga abokin gaba.
5. Me ya sa taru mai ƙananan ido ya ke cutad da masunta?