Yadda Ake Gina Manhaja da Aikin Gayya

A ce matasan Hausawa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu suna son manhajar waya da za ta riƙa sanar da 'yan gwari farashin albasa da tumatir, da lokacin isowar motoci daga Arewa. Kuɗin ɗaukar kamfani babu, sai gayya.

Farko a je wurin masu abin. A zauna da dillalai a kasuwar Gariki ta Inugu, da sarkin Hausawan kowane gari, a ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Da yawansu saƙon murya suke turawa a WhatsApp, rubutu bai dame su ba. Manhajar da ta manta da wannan ba mai buɗe ta.

Sai a yanka aikin ƙanana-ƙanana, a ɗora a shafin GitHub: wannan ya zana fuskar manhaja, wancan ya tsara rumbun bayanai, wani ya rubuta saƙonnin da Hausa da Ibo, tunda masu saye 'yan gari ne. A rubuta ƙa'idoji tun ranar farko, har da lasisi, don kada gobe a yi rigima kan wane ne mai manhajar.

Daga nan wahalar take farawa. Mutum goma za su yi rajista, uku su yi aiki. Wani wuta ta ɗauke masa, wani data ta ƙare, wani ya samu aikin kuɗi ya ɓace ba sallama. Ba na ganin laifinsu, ɗan sa-kai ma yana da bakin ciyarwa. Maganin shi ne kada a bar wani sashe a kan mutum ɗaya, kuma duk abin da aka turo sai wani ya duba kafin a haɗa shi da sauran. Wannan dubawar ita ce ƙashin bayan aikin. Ga misalin illar ƙarancin masu dubawa: a 2014 aka gano ɓarakar tsaro mai suna Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ɗimbin shafukan intanet suka dogara da ita, alhali masu kula da ita 'yan ƙalilan ne.

In an gama, a gwada a tsohuwar waya, a tsakiyar kasuwa, inda sabis ke rawa.

Kafin a saki manhajar, ƙungiyar 'yan kasuwa ta ware kuɗin wata-wata ga mutum ɗaya da zai riƙa gyara. Idan ba a samu wannan ba, gara a dakata.