Lambar Da Ta Gagari Rabo

Kura da Bunkure garuruwa ne da ke kudu da birnin Kano. An gama madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, kuma daga can ne ruwa ke bin magudanai yana shiga gonakinsu. Saboda haka mutanen wurin suna noman shinkafa, da alkama, da tumatir, da albasa, har da rani. Manomin rani kuwa ba ya rabuwa da lissafi, ko da bai taɓa zama aji ba.

Akwai wani manomi a Bunkure da ke noman tumatir tare da ƙannensa biyu. Ran nan suka tsinki kwando 24. Da aka raba uku, kowa ya sami 8, ba saura. Da su huɗu ne, da kowa ya sami 6. Haka nan 24 tana rabuwa daidai da 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12, da 24. Waɗannan lambobi su ne masu raba 24.

Da mako ya zagayo suka tsinki kwando 23. Kowa ya ɗauki 7, saura 2. Ƙaramin ya ce lalle an yi kuskure wajen ƙirga, babban ya ce ba a yi ba. Magana ta soma zafi.

Sai ɗan manomin, wanda ke makarantar firamare, ya durƙusa ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Baffa, ba wanda ya cuce ka. Ita 23 ɗin ce ba ta rabuwa. Ko ku biyu ne, ko huɗu, ko biyar, sai an sami saura. A bari gobe a tsinki kwando guda ya cika 24." Aka yi haka, kowa ya sami 8, rigima ta mutu.

Yaron nan ya faɗi gaskiya. Ba abin da ke raba 23 daidai sai 1 da ita kanta. Duk lambar da masu raba ta biyu ne kaɗai, ana iya kiranta gagara-rabo. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29. Ba a sa 1 a cikinsu, don mai raba ta guda ne tak.

Manomin nan yana shayar da wani fangali duk kwana 3, watau rana ta 3, 6, 9, 12. Waɗannan su ne ninkin 3. Maƙwabcinsa kuma yana shayar da nasa duk kwana 4, watau rana ta 4, 8, 12. Waɗannan su ne ninkin 4. Injin ban ruwansu ɗaya ne. To, a rana ta 12 bukatarsu za ta haɗu, don 12 ninkin 3 ce, ninkin 4 ce kuma. Da yake sun san haka, sai su shirya tun da wuri, wannan ya ɗauki safe, wancan yamma.

Sanin ninki shi ke taimakawa a gane gagara-rabo. Fiye da shekara 2,200 da suka wuce, wani masani Bagirke mai suna Eratostenis, da ya zauna a Iskandariyya ta ƙasar Masar, ya nuna dabarar da ake kira rariya. A rubuta lambobi daga 2 zuwa 100. A bar 2, a soke sauran ninkinta. A bar 3, a soke sauran ninkinta. A yi wa 5 da 7 haka. Kamar yadda tsaki ke tsayawa a rariya in ana tankaɗe, haka lambobi 25 za su tsaya. Dukansu gagara-rabo ne.

Aiki

1. Rubuta dukan masu raba 36.
2. Mutum 5 za su iya raba buhun shinkafa 31 daidai? Don me?
3. Wani yana ban ruwa duk kwana 4, wani duk kwana 6. Wace rana za su fara haɗuwa?
4. Yi rariya a allonka daga 2 zuwa 50, ka ƙirga lambobin da suka tsaya.