Fedar Gurnani: Yadda Ake Haɗa Ta, da Sunayen Kayanta a Hausa

1.0 Gabatarwa

A darasin fassara da ƙirƙirar kalmomi mun sha jin cewa Hausa za ta iya ɗaukar kowane irin ilimi. Magana ce mai daɗin ji, amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Saboda haka a wannan muƙala na ɗauko wata 'yar na'ura da makaɗan jita suke takawa da ƙafa, wadda Turawa suke kira faz, domin in yi bayanin yadda ake haɗa ta, da yadda ake sauya mata murya, da yadda ake gano cutarta, duk a cikin Hausa.

Ni dai ba da Hausa na buɗi baki ba. A titunan Jimeta na tsince ta, a aji nake gyara ta. A Jimetan kuma na koyi kaɗa jita, na kuma koyi riƙe ƙarfen narka dalma a rumfar masu gyaran rediyo. Ma'aunin da na sa wa kaina shi ne: idan ɗalibin da bai taɓa buɗe rediyo ba ya karanta wannan bayani, ya sayo kaya, ya haɗa, na'urar ta yi kuka, to kalmomin sun yi aiki. In kuwa ba haka ba, ado ne kawai.

2.0 Asalin Na'urar da Aikinta

Wannan sauti daga lalacewar inji ya samo asali. A birnin Nashville na Amurka, yayin da ake ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna "Don't Worry", wadda ta fito a 1961, wani sashe na injin ɗaukar sauti ya sami matsala, sai jitar Grady Martin ta riƙa fita da wata irin shaƙaƙƙiyar murya. Jama'a suka so abin. Injiniyan wurin, Glenn Snoddy, shi da abokinsa Revis Hobbs, suka ƙera 'yar na'urar da za ta riƙa yin wannan murya da gangan, kamfanin Gibson kuma ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Kasuwarta ba ta buɗe sosai ba sai a 1965, da Keith Richards ya yi amfani da ita a waƙar "Satisfaction". A 1966 kamfanin Arbiter na Landan ya fitar da Fuzz Face, wadda Jimi Hendrix ya sa ta yi suna. Ita ce za mu haɗa, don babu wadda ta kai ta sauƙi.

Aikinta kuwa, mu kwatanta shi da awon hatsi. Igiyar sautin jita tana hawa tana sauka, tana da tozo kamar cikakken mudu. Na'urar tana kumbura wannan igiya fiye da abin da batir zai iya bayarwa, sai tozon ya rasa wurin zama, kamar mai awo ya sa hannu ya share shi daidai da bakin mudu. Wannan share tozo shi yake haifar da ƙarin sautuka. Tsirkiya ta biyar a jita tana karkarwa sau 110 a daƙiƙa guda. In an share tozon, sai sautukan 220 da 330 da 440 da na sama da su su ƙara ƙarfi, kunne ya ji murya mai kauri da kaushi. Haka kuma sautin yakan daɗe bai mutu ba, domin ko tsirkiya ta rage karkarwa, mudun a cike yake. Shi ya sa jita take komawa kamar goge ko algaita.

3.0 Ba Baƙo Ba Ne ga Kunnenmu

Abin da Turawa suka tsinta cikin haɗari, makaɗanmu sun daɗe suna nemansa da gangan. Mai ganga yakan ɗaura zaga a fuskar fata don ta riƙa zuza. Mai garaya yakan cusa ceba, wato ɗan ƙarfe mai zobba, a kan wuyan abin kiɗansa. Mutanen Bura na kudancin Barno da arewacin Adamawa sukan liƙa tantanin gizo a ƙahonin da ke ƙarƙashin tsinzarsu don amon ya fito da kaushi.

Haɗa kayan kiɗa da hannu ma ba sabon abu ba ne. A farkon shekarun 1970 Goddy Oku na ƙungiyar Hygrades a Inugu ya yi suna wajen haɗa kayan sautinsa da kansa. A 1973 'yan makarantar Ofege na Legas suka fitar da faifan "Try and Love" cike da wannan murya. A Nijar kuwa, Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya yi jitarsa ta farko.

4.0 Raɗa wa Kaya Suna

A nan ne aikin ɗalibin harshe yake. Hanya ta farko ita ce aro tare da Hausantarwa. Kalmar feda tuni masu keke suka ba mu ita, inda "p" ta koma "f". A taransista an saƙala wasali don raba baƙaƙen farko, tun da gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu. Haka muka sami rizista da kafasta da mita. Dukkansu da wasalin "a" suka ƙare, saboda haka jinsin mace suka ɗauka: taransista ta ƙone, mita ta nuna. Batir kuwa namiji ne. A kasuwar Jimeta za ka ji an ce "taransista ya ƙone", domin Hausarmu ta nan ba ta cika kula da jinsi ba, amma a rubutu daidaitacciyar Hausa muke bi. Jam'insu yana bin tsarin mota da motoci, inda "t" take ganɗancewa ta koma "c": taransistoci, rizistoci, kafastoci.

Hanya ta biyu ita ce ƙirƙira bisa la'akari da aikin abu. Kalmar faz ba ta gaya wa Bahaushe komai, shi ya sa na zaɓi fedar gurnani. Abin da ake murɗawa a ƙara murya, wanda masu gyara suke kira bolum, na kira shi mamurɗi, bisa tsarin mabuɗi da magogi. Taransista tana da ƙafa uku masu alamar B da C da E. Wuta tana shiga ta C, don haka mashiga. Tana fita ta E, don haka mafita. Ita kuwa B, 'yar wuta kaɗan ake ba ta ta sarrafa wuta mai yawa, kamar yadda yaro yake juya ingarma, don haka linzami. Rizista matsattsin lungu ce mai rage gudun wuta. Kafasta rariya ce: tana tare wutar batir, tana barin sauti ya wuce, kuma gwargwadon girmanta gwargwadon kaurin muryar da za ta bari.

5.0 Yadda Ake Haɗawa

Kaya 11 ne ginshiƙin aikin: taransista 2 na silikon irin NPN, kamar C945 ko BC547 ko 2N3904, rizista 4, wato 33k da 100k da 8.2k da mai om 470; kafasta 3, wato 2.2uF da 22uF da 0.01uF mai lamba 103. Sai mamurɗi 2, wato 1k da 500k. A ƙara da batir mai bolt 9, da soket biyu na jita, da makunnin takawa, da ɗan allo mai huji, da gwangwanin ƙarfe. Akasarinsu ana samu a shagunan kayan lantarki, ko a cikin matacciyar rediyo. Kan batir mai alamar ɗebewa shi ne layin ƙasa; mai alamar tarawa shi ne layin wuta.

Na ɗaya, wayar jita ta bi ta kafasta 2.2uF zuwa linzamin taransista ta farko, ƙafar kafasta mai alamar tarawa tana wajen linzami.

Na biyu, mafitar taransista ta farko ta tafi ƙasa. Mashigarta ta bi ta rizista 33k zuwa layin wuta, kuma a haɗa wannan mashiga kai-tsaye da linzamin ta biyu.

Na uku, mafitar taransista ta biyu ta shiga ƙafar gefe ta mamurɗi 1k, ɗaya gefen ya tafi ƙasa, ƙafar tsakiya kuma ta bi ta kafasta 22uF zuwa ƙasa, alamar tarawa tana wajen mamurɗi. Shi ne mamurɗin gurnani.

Na huɗu, rizista 100k ta taso daga mafitar ta biyu ta koma linzamin ta farko. Ita ce take ciyar da ta farko.

Na biyar, mashigar ta biyu ta bi ta 8.2k, sannan ta 470, zuwa layin wuta. Daga mahaɗar waɗannan biyun a ɗauki sauti ta kafasta 0.01uF zuwa ƙafar gefe ta mamurɗi 500k, ɗaya gefen ya tafi ƙasa, ƙafar tsakiya ta fita zuwa amfilifaya.

Batir mai bolt 9 ba ya kama mutum, amma cikin amfilifaya akwai wutar da take kisa, don haka kada sabon shiga ya buɗe ta. A kuma wanke hannu bayan taɓa dalma kafin a ci abinci.

6.0 Zafin Yola da Sauya Murya

Fuzz Face ta asali da taransistocin jamaniyam aka yi ta, kuma har yau makaɗa suna yaba taushin muryarsu. Sai dai jamaniyam yana yoyon wuta, yoyon kuma yana ninkawa kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. Yola tana kwarin Binuwai, a watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Ke nan na'urar da aka daidaita a ɗaki mai digiri 20, in ta zo nan yoyonta zai kai ninki huɗu. Na gwada wata mai jamaniyam da sanyin safiyar Disamba, muryarta gwanin daɗi. Ita ɗin dai a wani bikin rana cikin Afrilu sai in'ina take yi. Shawarata ga mai kiɗa a nan ita ce ya riƙi silikon, sannan ya lallashe shi ta waɗannan hanyoyi:

Idan muryar ta yi tsini, a sa 'yar kafasta 100pF mai lamba 101 tsakanin linzami da mashigar taransista ta biyu. Idan ta yi kauri har kiɗan yana cakuɗewa, a sauya 2.2uF da 0.1uF. Idan ta yi siriri, a sauya 0.01uF da 0.1uF. Idan ƙarfinta bai isa ba, a sa 1k a madadin 470. Mafi amfani duka shi ne a cire 8.2k a sa ƙaramin mamurɗi 10k, a riƙa juya shi har mita ta nuna kusan bolt 4.5 a mashigar ta biyu. A riƙa sauya abu ɗaya ana saurarawa kafin a taɓa na gaba. In ba haka ba, ba za a san wanda ya yi aikin ba.

7.0 Gano Cuta

Masu gyara sukan fara da tambayar yadda abu yake kuka, kuma Hausa ba ta rasa kalmomin wannan ba.

Shiru: a auna batir, a duba soket, a nemi dalmar da ta yi dushi-dushi ba ta kama ba. Sannan a duba ƙafafun taransista, don ba jeri ɗaya suke bi ba. In ka fuskanci gefen da aka yi rubutu, ƙafafu suna ƙasa, daga hagu C945 tana da mafita, mashiga, linzami. 2N3904 tana da mafita, linzami, mashiga. BC547 kuwa mashiga, linzami, mafita.

In'ina: sauti yana fita yana yankewa. A ɗora baƙar wayar mita a ƙasa a auna. Linzamin ta farko ya kamata ya nuna kusan 0.6, mashigarta kusan 1.3, mashigar ta biyu kusan 4.5. In wannan ta ƙarshe ta matsa kusa da 9 ko ta faɗi kusa da 1, a daidaita ta da mamurɗi 10k.

Fito: wayar shiga da ta fita sun kusanci juna. A raba su, a gajarta su.

Gunji: layin ƙasa bai kama gwangwani ba, ko kuma ana amfani da adafta mai araha. A koma ga batir a ji bambanci.

Ƙaraf-ƙaraf in an murɗa: ƙurar hunturu ce ta shiga mamurɗi. A ɗiga sifirit a yi ta juyawa har ya washe.

Muryar rediyo: wani lokaci za ka ji ana karanta labarai a cikin lasifikarka. Kafasta 100pF da rufaffen gwangwanin ƙarfe sukan yi maganin wannan.

Akwai kuma wanda ba cuta ba ne, hali ne: wannan feda ba ta son wata na'ura ta shiga tsakaninta da jita. A sa ta a farkon jeri. In an yi haka, da zarar ka rage mamurɗin jikin jita gurnanin zai lafa, murya ta washe.

8.0 Kammalawa

A wannan muƙala mun ga asalin fedar gurnani, da kayan haɗa ta, da hanyoyin gyara ta, mun kuma ga cewa aro da ƙirƙira tare suke tafiya. Inda masu sana'a suka riga suka Hausantar da kalma, kamar feda da batir, ba mu da dalilin ƙwace ta daga bakinsu. Inda kuwa harafi kawai suke kira, kamar B da C da E, nan ne linzami da mashiga da mafita za su taimaki mai koyo, domin sunan da kansa yana koyar da aikin. Ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai, kowa ya zaɓi sana'a guda a unguwarsu, ko gyaran waya ko walda ko ɗinki, ya zauna da masu ita, ya rubuta darasi ɗaya da Hausa, sannan ya miƙa wa almajirin sana'ar ya gwada. Wanda kuma ya haɗa tasa fedar da wannan bayani, ko yake da kalmar da ta fi tawa dacewa, filin mujallar nan a buɗe yake a fitowa ta gaba.