Saman Teburin Walda Ba Wurin Fenti Ba Ne

Da zarar ruwan Agusta ya kankama, teburan walda da ke garejin gida da ƙananan rumfuna sukan fara yin ja. Mutum ya rufe rumfa ranar Alhamis da yamma tebur fes, ya dawo ranar Asabar ya tarar tsatsa ta hau shi. Abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya sayo fenti ya shafe tebur sama da ƙasa, ya huta. 'Yan'uwa masu walda, musamman waɗanda suka fara haɗa ɗan wurin aiki a gida, wannan hutun wahala ce.

Mafi yawanmu a jikin tebur muke maƙala wayar da ke mayar da wuta zuwa inji, sannan mu ɗora aiki a kai. Wutar da ta bi ta ilektirod sai ta ratsa aikin, ta ratsa saman tebur, kafin ta koma. Fenti kuwa ba ya barin wuta ta wuce. Sai ka ga ilektirod na mannewa, wuta na kamawa tana saki, kana ta ƙara wa inji ƙarfi kana zargin janareta, alhali laifin yana ƙarƙashin aikinka. Ga shi zafi na taɓa fentin zai ƙone, hayaƙin kuma kai ne na farko da zai shaƙa. Ita ma tsatsar in ta yi kauri haka take hana wuta tafiya daidai. Saboda haka dole saman tebur ya zauna ƙarfe zalla, kariyarsa kuma sai dai a riƙa sabunta ta.

Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da iska da danshi. In danshin iska ya gaza kashi 60 cikin ɗari, tafiyarta a hankali take, shi ya sa lokacin hunturu a Kano ko Damagaram ba ka jin kowa na kuka da ita. Abokan sana'armu na Legas da Fatakwal, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri, su shekara suke yi suna fama. Mu namu daga Yuni zuwa Satumba ne. Kuma ba sai rufi ya yi yoyo ba. Ƙarfe mai kauri yana kwana da sanyi, da safe iska mai ɗumi ta taɓa shi sai ya yi raɓa, kamar yadda gorar ruwan sanyi ke gumi in an fito da ita daga firji.

Amma abin da na fi gani yana cinye tebura a wajen yaran da nake koya wa aiki, ba raɓa ba ce, ƙazanta ce. Garin ƙarfen da injin guga ke watsawa ya fi komai saurin tsatsa, don ƙanana ne, iska na samun kowane ɓangare nasu. In ya kwana a kan tebur, da safe za ka share ka ga ya bar ɗigo-ɗigon ja a wurin. Ɓawon da ake ƙwanƙwasowa daga walda shi ma yana riƙe danshi. Sai ledar fiya wata da aka ajiye a kusurwa, da ɗabi'ar kwara wa ƙarfe mai zafi ruwa a kan tebur don a yi saurin ɗauka. Har gumi ma, don akwai gishiri a cikinsa: ka dafa gogaggen tebur da jiƙaƙƙen hannu, washegari ka ga sawun tafinka da yatsu biyar ya fito ja.

Aikin da za a yi wa tebur kafin a tashi bai wuce minti 5 ba. A bari tebur ya huce, a kankare ɗigon ƙarfen da ya maƙale, a share gari tas, a goge da busasshen tsumma. Sannan a ɗiga mai kaɗan, irin na keken ɗinki ko WD-40, a shafa ko'ina, a sake bi da wani tsumman har sai ka shafa yatsa ba ka ga mai ya taru ba. Nan ne mutane ke kuskure, suna ganin yawan mai shi ne yawan kariya. Man da ya yi yawa yana kama ƙura, yana shafar aikin da aka ɗora, in kuma ya shiga wurin haɗi sai walda ta fito da ƙananan ramuka. Kakin zuma ma yana yi, in aka shafa siriri a kan ƙarfe mai ɗan ɗumi aka goge sosai, kuma ya fi mai jimawa.

Baƙin mai na san shi ne a kusa, kuma kyauta ake samu wajen kanikawa. Yana hana tsatsa, ban musa ba. Sai dai cike yake da dattin inji, yana hayaƙi mai wari in wuta ta taɓa shi, yana ɓata duk abin da aka ɗora. Ni ban yarda da shi a saman tebur ba. Fetur kuwa kada a kusanto da shi da sunan wanki, tartsatsi ɗaya ya isa. Haka wasu magungunan feshi na wanke birki masu sinadarin kulorin: zafin walda na iya mayar da su guba mai kisa.

In tsatsa ta riga ta hau, kada ka ɗauki dutsen guga mai tauri. Zai cire ta, amma zai bar kwari da tudu, kuma tebur da ba ya kwance daidai ƙofar da aka haɗa a kansa ma ba za ta miƙe ba. Burushin waya da samfefa sun isa, a bi tebur duka bai ɗaya, a shafa mai nan take, don ƙarfen da aka goge yanzu shi ya fi saurin kamuwa.

Fentin da ka saya ba asara ba ne. Ƙafafu da firam da ƙarƙashin tebur su ne wurinsa: jan fentin hana tsatsa tukuna, sannan na sama. A bar wuri ɗaya ba fenti inda za a riƙa maƙala waya. Ƙafar bututu a toshe bakinta na sama, a ɗaga ta daga ƙasa ko da kan bulo ne, domin daga ciki da gindi take ruɓewa ba ka gani.

Wajen rufe tebur, leda tana tara gumi a ƙarƙashinta. Tsohon zani ko buhun algarara ya fi, bayan an tabbatar babu sauran zafi. Kuma tunda a gida ne, duba abin da ke maƙwabtaka da teburin. Buhun takin zamani, buhun gishiri da tsohon batir duk suna gaggauta tsatsa. Don Allah a fitar da su daga ɗakin kafin a sayi ko da gwangwanin mai ɗaya.