Darasin Wannan Wata: Yaron da Ke Ƙin Ganye

Manufar darasi

Mu fahimci dalilin da ya sa ƙaramin yaro ke ƙin ganye da kayan lambu, mu kuma koyi yadda za mu sabar masa da su ba tare da duka ko ɗura ba. Ana iya karanta darasin a ƙungiyar mata ko a gida tare da maigida da kaka.

Abin da ke faruwa a gidajenmu

Duk inda mu iyaye muka haɗu a Gyadi-Gyadi ko Unguwa Uku ko Darmanawa, a gidan suna ne ko a layin awon yara, da wuya a tashi ba a ji wata ta ce, "Yaron nan ba ya cin ganye" ba. Uwa ta je Kasuwar Tarauni ta sayo alayyahu da kabewa da 'yan kuɗin cefanen da ba su taka kara sun karya ba. Ta sha hayaƙi ta yi miyar taushe. Sai ɗan shekara biyu ya datse baki, ya kau da kai, ko ya tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya ya zubar.

Daga nan mukan bi ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai kaka ta ce, "Miƙo min shi nan, mu da ɗura muka raini ubansa," ko kuma uwa ta gaji ta aika a sayo masa biskit da taliyar leda don kada ya kwana da yunwa. Duka biyun ƙauna ce ta kawo su, amma duka biyun suna ƙara dagula lamarin.

Me ya sa maganar ta dame mu?

Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A yankinmu na Arewa maso Yamma adadin ya kai 57 cikin 100. Binciken ya kuma gano cewa yara 68 cikin 100 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Tsumburewa ba a tsayi kaɗai ta tsaya ba, takan taɓa ƙwaƙwalwa da karatun yaro, kuma yawancinta kafin cika shekara biyu take kama shi.

Tuwo da kunu suna cika ciki, suna ba da ƙarfi, amma ba su isa su kaɗai ba. Ganye mai duhun kore kamar zogale da alayyahu da rama, da kayan lambu masu launin ruwan goro kamar karas da kabewa, suna ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Shi ne ke kare ido daga dundumi, yana kuma taimakon jiki wajen yaƙi da ƙyanda da gudawa.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun kasa abincin yaro ɗan wata 6 zuwa 23 gida takwas, suka ce ya samu aƙalla biyar a kowace rana:

1. Nonon uwa
2. Hatsi da saiwoyi: gero, dawa, masara, shinkafa, doya, rogo
3. Wake, waken suya da gyaɗa
4. Madara, nono da kindirmo
5. Nama, kifi da hanta
6. Ƙwai
7. Ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A: zogale, alayyahu, karas, kabewa, mangwaro, gwanda
8. Sauran kayan lambu da na marmari: kuɓewa, tumatir, kabeji, ayaba, lemo

Mu lura, gida biyu cikin takwas ɗin nan na kayan lambu ne da na marmari. Yaron da ya bar su ya rasa babban rabo.

Me ya sa yaro ke ƙi?

Na farko, girmansa ya ragu. Jariri kan ninka nauyin haihuwarsa sau uku a shekarar farko, amma a ta biyu kilo 2 zuwa 3 kawai yake ƙarawa. Don haka cinsa kan ragu, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Na biyu, halittar yaro ce ya so zaƙi ya guji ɗaci. Tsoron sabon abinci kan yi ƙarfi tsakanin shekara 2 zuwa 6, sa'an nan ya lafa.

Na uku, cikinsa ƙarami ne. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu ba ya wuce cikin kofi guda mai mililita 250 a zama ɗaya. Idan ya sha shayi ko lemon kwalba, ya ci cincin da alawa da la'asar, babu sauran wurin tuwon dare.

Na huɗu, yaji. Miyar da ta yi wa manya daidai tana iya ƙona bakin yaro, sai ya ɗauka laifin ganyen ne.

Na biyar, a wannan shekaru yake gano cewa zai iya cewa "a'a", kuma bakinsa ne abin da ya fi iko da shi.

Ɗura ba magani ba ce

Mun san yadda ake yi: a kwantar da yaro a cinya, a tara hannu a bakinsa, a toshe hanci, a zuba kunu. Idan ya buɗe baki don neman numfashi yana iya ƙwarewa, abincin ya bi hanyar iska ya shiga huhu. Wannan kan kawo ciwon haƙarƙari, wani lokaci har da rasa rai. Ko da bai ƙware ba, abin da ya koya shi ne abinci da tsoro tafiyarsu ɗaya.

Mu yi wa kakanninmu wannan bayani cikin ladabi. Matar gida tana iya cewa, "Inna, malaman asibiti sun ce ɗura na kai kunu huhu. Ki taimake ni ki zauna ki ci tare da shi, ya fi jin maganarki." Kakar da aka ba matsayi takan zama mataimakiya.

Matakai takwas da za mu bi

1. Mu fara da wuri. Wani bincike da Julie Mennella da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2001 ya nuna cewa jariran da iyayensu mata suka riƙa shan ruwan karas a ƙarshen ciki ko lokacin shayarwa sun fi karɓar abinci mai ɗanɗanon karas. Ɗanɗanon abin da uwa ta ci yana kai wa ga jariri ta nono. Mai ciki da mai goyo su ci ganye. A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a fara sa masa dafaffiyar kabewa ko karas da aka dama, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

2. Mu maimaita. Yaro na iya buƙatar ɗanɗana abu sau 10 ko fiye kafin ya karɓe shi, alhali mu mukan haƙura bayan sau uku. Idan ya tofar yau, a sake kawo masa jibi ba tare da faɗa ba. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

3. Mu fara da kaɗan. Cokalin shayi guda na ganye kusa da abincin da ya saba so ya isa. Tulin ganye kan firgita shi.

4. Mu raba aiki. Mu ne masu zaɓar abin da za a ci da lokaci da wuri. Yaro shi ne mai zaɓar yawan abin da zai ci. Idan ya ƙoshi a ɗauke kwano, kada a dafa masa wani abu na dabam.

5. Mu ci a gabansa. A 1980 wata mai bincike, Leann Birch, ta zaunar da ƙananan yara tare da tsararrakinsu masu son wani kayan lambu da su ba sa so. Cikin kwana huɗu da yawansu suka koma zaɓar abin da abokan ke ci. Zaman gidanmu na yawa alheri ne a nan. Amma idan baba yana ture alayyahu gefe, ɗansa yana kallo.

6. Mu ba shi nasa kwano. Ya zauna cikin 'yan'uwansa, amma kwanonsa dabam. A kwano ɗaya manyan yara sun fi shi sauri, kuma uwa ba za ta san abin da ya ci ba.

7. Mu tsayar da lokaci. Abinci sau uku zuwa huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kamar yankan gwanda ko ayaba. Tsakaninsu ruwa mai tsabta ya isa.

8. Mu daina cin hanci. "In ka cinye zan saya maka alawa" yana koya wa yaro cewa ganye wahala ce, alawa kuma lada. Yabo da tafi da murmushi sun fi.

A madafa

Ba sai mun nemi abincin Turawa ba, namu ya wadatar.

Faten tsaki ko faten wake: a yanka alayyahu ko rama ƙanana ƙwarai, a zuba dab da saukewa, a sa ɗan manja.

Miyar taushe: a ɗebi ta yaro kafin a zuba attaruhu. Zaƙin kabewa da gyaɗa na rufe ɗacin ganye.

Alale da ƙosai: a goga karas a cikin ƙullun.

Dambu da kwaɗon zogale: a zaɓi ganye matashi, a dafa shi ya yi laushi, a daka ƙuli-ƙulin ya yi gari.

Kunun gyaɗa: a dama ɗan garin busasshen zogale, a fara da kaɗan ƙwarai don kada ɗanɗanon ya canja.

Wasu ƙa'idoji kuma:

A wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Na ƙaramin yaro a dafa shi.

A sa ɗan mai ko gyaɗa, domin jiki ba ya tsotsar bitamin A sosai sai da maiƙo.

A rage kanwa da doguwar dahuwa, suna kashe wasu bitamin.

Kada a haɗa abinci da shayi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke gina jini. Lemo ko tumatir su ne ke taimakawa.

Ɗanyen karas da gyaɗa ƙwaya na iya shaƙe yaro. A dafa, a daka.

Ɓoye ganye cikin abinci dabara ce, amma a riƙa barin kaɗan a fili don ya san shi da ido. A bar shi ya taya tsinke zogale. Abin da hannunsa ya taɓa ya fi saurin kai shi baki.

Idan kuɗi ya yi ƙaranci

Mu bi lokaci. Da rani, sa'ad da kayan noman ruwa na Kadawa da Kura ke shigowa, karas da kabeji da tumatir sukan yi sauƙi. Da damina akwai rama da tafasa da lalo da yakuwa. Maƙwabta uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su saro a 'Yan Kaba, ko mangwaro da lemo a 'Yan Lemo ta Na'ibawa, su raba. A shanya ganye a inuwa, ba a rana ba, a adana cikin mazubi mai murfi. Ko a gidan haya ana iya shuka alayyahu a buhu ko tsohon bokiti, cikin kamar wata guda a fara tsinka. Kukar da ke cikin miya da ɗanwake ita ma ganye ce.

Yaushe za mu nufi asibiti?

Yaron da ke zaɓen abinci amma yana wasa, nauyinsa na hawa a katin awo, haƙuri yake buƙata. Amma kada a jira idan aka ga:

nauyinsa ya tsaya ko yana raguwa;

ƙafafunsa biyu sun kumbura;

tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari;

yana tuntuɓe da magariba saboda ba ya gani;

ya ƙi kowane abinci har da nono, ko yana gudawa, zazzaɓi, ko gyambon baki.

Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro da tsiri mai launi uku. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. A fara da cibiyar lafiya mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura babban asibiti, kamar Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya. A kuma tabbata kowane yaro ɗan wata 6 zuwa 59 ya sami ɗigon bitamin A duk bayan wata shida. Yaron da ya tashi daga ciwo a ƙara masa abinci sau ɗaya a rana har mako biyu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Jiya, gida nawa cikin takwas ɗin nan yaronmu ya samu?
2. Wa ke ba yaro abinci idan uwa ta fita? Ya san abin da muka koya?
3. Nawa muke kashewa a mako a kan biskit da alawa? Ganye nawa kuɗin zai saya?
4. Yaya za mu yi wa surukai maganar ɗura ba tare da ɓata zumunci ba?
5. Wace rawa maza za su taka, a cefane da kuma a bakin kwano?

Aikin gida

Kowa ya zaɓi ganye ɗaya da yaronsa ke ƙi. A ba shi cokali guda kowane kwana biyu, a ja layi a jikin kalanda duk ranar da aka gwada, ko ya ci ko bai ci ba. Idan layi ya kai goma, mu dawo mu faɗa wa juna abin da muka gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, don kada ya karye.