Yadda za ka saba da busar Lester Bowie

Ranar da na fara sa faifan Lester Bowie a mota, ƙanena ne zaune a gefena. Ba mu yi minti biyu ba ya miƙa hannu ya bubbuga sifika, ya ce, "Yaya, abin nan naka ne ya lalace, ko akuya aka shaƙe?" Ban ga laifinsa ba. Ni ne na ɗauko wanda bai iya iyo ba na jefa shi tsakiyar kogi. Faifan da na sa, Numbers 1 & 2 na 1967, ba nan ake farawa ba. Yawancin waɗanda suka ce mini kiɗan jaz na 'yan bin sabuwar hanya hayaniya ce kawai, idan na bincika sai in tarar ta ƙofar da ba ta dace ba aka shigar da su.

Bowie baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a 1941 a jihar Maryland, ya tashi a St. Louis, ya rasu a 1999. Abin busarsa ƙahon nan ne da ake kira tarampet, irin wanda kake gani a bakin 'yan badujala ranar fareti. Kafin ya shiga busar da ke rikita mutane, ya yi shekaru yana bin mawaƙan bulus irin su Albert King da Little Milton gari-gari, kuma matarsa ta farko Fontella Bass ce, wadda waƙarta Rescue Me ta yi tashe a 1965. Riƙe wannan a ranka, domin zai hana ka zargin da kowa ke fara yi, wato wai mutumin bai iya ba ne. Ya iya sarai. Da gangan yake karkata sautin.

Shawarata ta farko: ka daina jiran waƙa, ka saurare shi kamar mai magana. A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ya ji kakaki da algaita ya san abin busa yana magana, yana kirari, har ya kan yi habaici. Ba ina cewa Bowie daga kakaki ya koya ba, asalin salonsa na can Amurka, wurin mabusan Duke Ellington irin su Cootie Williams da Rex Stewart. Kunnen da kake sauraron algaita da shi nake so ka aro. Ƙahon yana da maɓallai uku da ake dannawa don sauya sauti. Bowie yakan danna su rabi kawai, sai iskar ta shaƙe, sautin ya fito kamar gunagunin tsoho da aka tasa daga barci. Wani lokaci ya yi gurnani a maƙogwaro yana busa, wani lokaci iska zalla za ka ji, fuuu, babu sauti ko kaɗan. Sai can ya saki wata busa mai faɗi, garau, wadda za ta nuna maka duk abin da ya gabata tsokana ce. Idan dariya ta zo maka, yi abarka. Mutumin ɗan barkwanci ne, shi ya sa yake hawa dandamali da farar rigar likita da gemu mai reshe biyu.

Yanzu ga inda za ka fara. Nemi faifan Fela Kuti mai suna No Agreement. A 1977 Bowie ya zo Legas ya yi watanni tare da Fela, a shekarar da sojoji suka ƙona Kalakuta, gidan Fela, ya kuma yi busa a wannan faifan. Ɗaya gefen, Dog Eat Dog, kiɗa ne zalla babu waƙa, kuma shi nake so ka sa sau uku. A karon farko manta da masu busa, bi gangar Tony Allen, makaɗin Fela, har ƙafarka ta kama. A karo na biyu ka kasa kunne ga ƙahonni. Fela yana da nasa mabushin, Tunde Williams, saboda haka ba kowace busa ce ta baƙon ba. Za ka gane Bowie da jan sauti kamar ƙwaɓaɓɓen gari da kuma yin shiru a inda kake zaton zai yi magana. A karo na uku ka haɗa biyun, ka ji yadda yake barin ganga ta wuce shi sannan ya tarar da ita a gaba. Amfanin farawa a nan shi ne ƙasa ba ta motsi a ƙarƙashinka: kiɗan Fela ne, ka san shi, mutum ɗaya ne kawai baƙo a ciki. Bowie bai manta da zaman ba, ya yi wani kiɗa da ya sa wa suna For Fela bayan ya koma.

Daga nan sai The Great Pretender na 1981. Waƙa ce ta ƙungiyar The Platters ta 1955, ta soyayya, mai sanyi. Saurari ta asalin tukuna, minti uku ba za su gagare ka ba. Sannan ka ji yadda Bowie ya ja ta fiye da minti 15: ya fara da ladabi kamar zai rera ta yadda take, ya kwaikwaye ta, ya yi mata dariya, ya wargaza ta har ka rasa inda take, sannan ya dawo da ita. Da ka san waƙar, za ka iya auna nisan da ya yi da ita, kuma wannan aunawar ita ce daɗin. Idan ya yi maka, ƙungiyarsa ta Brass Fantasy, wadda ya kafa a 1984 da ƙahonni manya da ƙanana da mai ganga, haka ta riƙa yi wa waƙoƙin Whitney Houston da Michael Jackson. Wasu masu sharhi sun ga kamar ya zubar da girma. Ni ban yarda ba, ko da yake akwai faifansu da ban iya kai ƙarshensa ba.

(In kana nema a intanet, rubuta sunan farko. Akwai David Bowie, mawaƙin Ingila, kuma ba su haɗa dangi ba, sai dai Lester ya yi masa busa a faifansa na 1993.)

Sai ka saba da waɗannan kafin ka tunkari Art Ensemble of Chicago, ƙungiyar da ya yi sama da shekara 30 a cikinta tare da Roscoe Mitchell da Joseph Jarman da Malachi Favors, daga baya mai ganga Famoudou Don Moye ya shigo a 1970. Sun fito ne daga AACM, ƙungiyar da makaɗa baƙar fata suka kafa a Shikago a 1965 don su shirya wasanninsu da kansu, ba sai mai gidan rawa ya faɗa musu abin da za su kaɗa ba. A 1969 suka tattara suka tafi Faransa, inda suka sami masu sauraro da masu buga faifai. Ƙofar da ta fi sauƙi ita ce Theme de Yoyo na 1970, inda Fontella Bass ke waƙa a kan kiɗa mai sa rawa, ƙahonnin kuma su riƙa ɓarkewa lokaci-lokaci kamar an buɗe ƙofar kasuwa an rufe. Bayan shi Nice Guys na 1979.

Waɗannan mutane sai an gan su. Nemi bidiyon wasansu, ka ga dandamali cike da ƙararrawa da usur da hon na keke da ganguna iri-iri, uku sun shafa fenti a fuska, Mitchell cikin kayan gida, Bowie da rigarsa ta likita yana lanƙwasawa baya yana nuna bakin ƙaho sama. Abin da kunne ya ɗauka rikici ne, ido zai nuna maka mutum biyar ne ke sauraron juna: wannan ya kaɗa ƙaramar ƙararrawa, wancan ya amsa da huci. Babu wanda ke riƙe da ma'aunin kiɗa a ko da yaushe, saboda haka kar ka wahalar da ƙafarka. Zaɓi mutum ɗaya ka bi shi minti biyar, sannan ka koma kan wani.

Kar ka saurara ta sifikar waya. Tana yanke kaurin sauti, Favors da ƙatuwar jitarsa ta tsaye su ɓace, a bar ka da tsiwar ƙaho kaɗai, wadda ita ce ta kori ƙanena. Abin sawa a kunne, ko mai araha ne, ya wadatar. Kuma kar ka sa shi kana wani aiki, ko ka tilasta wa kanka faifai uku a dare ɗaya. Wanda bai shige ka ba, ajiye shi wata ɗaya ka dawo.

Na ƙarshe a jerin shi ne faifan Art Ensemble mai suna People in Sorrow na 1969, kiɗa ɗaya na kusan minti 40. Bari sai dare ya raba, maƙwabta sun kashe janareto. Farkonsa ƙasa-ƙasa ne ƙwarai, ƙararrawa nan, numfashi can, har za ka ciro abin kunnen ka duba ko ya tsinke. Bai tsinke ba. Kar ka ƙure ƙarar, domin wajen ƙarshe dukkansu za su taso gaba ɗaya, kuma in ka ƙure tun farko kunnenka ne zai biya.